Ƙaramar Taga a Kusurwar Allo

Magariba ta kawo jiki, inuwa ta cinye tsakar gida. Ana jiyo ƙarar tukwane daga kicin, da muryar Auta, 'yar gidan, a falo tana bitar karatun makaranta. Maigadi yana zaune inda ya saba, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, gaban kwamfuta, shayinsa ya huce a gefe. Yamma ce irin ta kullum, ba wanda zai ce da wani abu a cikinta.

Maigadi ake ce masa a unguwa, amma wannan bawan Allah bai taɓa riƙe sanda ko tocila ba. Gadinsa na zamani ne. Wani kamfani mai manyan ɗakunan ajiya a bayan gari ya kakkafa kyamarori a lungu da saƙo, aka ba shi kwamfuta da ƙaton allo ya kawo gida. Daga la'asar, in ma'aikata sun tashi, shi ke zuba ido har masu gadin dare su iso bayan isha'i. Matarsa takan ce, "Ban taɓa ganin mai gadin da ke korar ɓarawo da silifas a ƙafa, kofi a hannu ba, sai kai." Shi kuwa sai ya ce ai ido ke gadi, ƙafa 'yar rakiya ce.

Kowace kyamara da tagarta a kan allon, ɗan fili mai kusurwa huɗu da ke nuna abin da ake ciki a can. Ka ɗora kibiyar maus a gefenta ka ja, ta faɗaɗa. Ka tura, ta tsuke. Ka kama ta ta sama, ka kai ta duk inda ranka ya so. To a nan fa Maigadi ya fi kowa fi'ili, don mutum ne da ko tabarma ya gani a karkace sai ya tsaya ya gyara. Babbar ƙofa ya ba ta rabin allo ta hagu, tunda ta nan motoci ke shiga. Wurin lodi yana sama ta dama. Sauran ya jera su a ƙasa, gefe da gefe, ko tsinke ba zai ratsa tsakaninsu ba. Dokarsa ɗaya ce: kowace taga gwargwadon amfaninta. Kamfani kuma da tasa dokar: ba a rufe taga ko ɗaya, ba a kashe na'urar dare da rana, don ita ke adana hotunan.

Ana nan sai aka ƙara masa sabuwar kyamara. An kafa ta ne a wani tsohon ɗaki can ƙarshen fili, ɗakin da ya girmi kamfanin kansa, ba ƙyaure, ba kaya, sai ƙura da guntayen bulo. Maigadi ya dube ta ya yi tsaki. Rufewa ba dama, ba ta wuri kuma ɓarna ce. Sai ya kama gefenta ya matse ta har ta koma kamar kwalin ashana, ya cusa ta a kusurwar ƙasa ta dama, ya manta da ita.

A wannan yammar ya tashi ya yi sallar magariba, ya dawo yana gyara hannun riga, sai ya tsaya. 'Yar tagar nan ta girma. Ta kai tafin hannu, ta ture na kusa da ita sun karkace, jerin da ya sha wahalar shiryawa ya wargaje. A cikinta ba komai, ɗakin nan ne dai da ƙurarsa.

"Auta! Ke kika taɓa mini aiki?"

"Ni ko ƙofar ban zo ba, Baba."

Ya zauna yana mita, ya kama gefen tagar ya mayar da ita yadda take, har ya ɗan ƙara matsewa don haushi. Bai ɗage yatsa daga kan maus ba ya ji ƙwal a kan kwanon rufi. Dutse ne. Ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida. Daga falo kuma Auta ta ce, "Wash!" Da ya leƙa sai ya gan ta dafe da haƙarƙari, ta ce wani abu ne ya matse ta, amma ya saki.

Aka ce yaran maƙwabta ne ke jifa. Haka ake cewa kullum a ranar farko.

Washegari da magariba haka aka yi, jibi ma haka. Yana tashi salla tagar za ta buɗe, yana dawowa ya matse ta, jifa ya biyo baya. Ya kai ƙara ofis, aka ce masa na'ura ce, takan yi haka. Amma jifan ya bar kan rufi ya shigo cikin gida. Sai a ga guntun bulo ya faɗo tsakiyar falo, ƙofa a rufe, silin ba ko tsaga, in an ɗauka kuma a ji shi da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga hannun mutum. Bayan jifa sai muryoyi. Ba ihu ba, ba dariya ba, da ma su ne da sauƙi. Nishi ne na ƙananan yara, can ƙasa-ƙasa, daga kusurwar ɗaki, da muryar mace tana cewa, "Matsa, matsa mata kaɗan." In aka kunna fitila sai a ga bango kawai.

Auta ce ta fi ba su tsoro. Yarinyar da in tana gida ba mai jin kunnensa, sai ga ta ta yi shiru. Ta daina kwanciya a miƙe. Kullum a dunƙule, gwiwa a ƙirji, haɓa a kan gwiwa. Tun ana samunta a bayan kujera har aka koma nemanta a ƙarƙashin gado, wata rana ma uwar ta buɗe kabad ɗin tukwane ta tarar da ita a ciki, a wurin da ko kyanwa sai ta yi dabara. Numfashinta ya koma guntu-guntu. Aka kai ta asibiti, aka yi hoton ƙirji, aka auna jini, likita ya ce bai ga komai ba.

Uwar ta ce, "Baban Auta, ruwa ba ya tsami banza. Mu kira Kawu."

Kawun matar tasa malami ne, tsoho, ya san sha'anin mutanen ɓoye. Maigadi ya ce a dakata tukuna. Ba wai bai yarda da aljanu ba ne, a'a, girman kai ne irin na mai aikin ido, wanda ya saba cewa in da abu da ya gani. Ga rashin barci, ga tausayin 'yarsa, ga wannan shegiyar taga da ke ɓata masa jeri kullum. Ran nan ya dawo daga salla ya tarar ta kai rabin wurin lodi, zuciya ta ɗebe shi. Ya matse ta iyakar matsewa, har ta koma kamar farcen babban yatsa, na'urar ta ƙi ƙarawa. Bai tsaya nan ba, ya jawo tagar babbar ƙofa ya ɗora a kanta, ya danne ta ruf. Ya ce, "Sai in ga ta inda za ki fito."

A wannan magaribar ba a yi jifa ba, ba a ji nishi ba. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa. Auta kuwa ta ƙanƙame a kusurwar falo, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Uwar ta yi ta ƙoƙarin miƙe mata hannu, hannun ya ƙi, kamar an ɗaure da waya.

Kashegari da la'asar Maigadi ya zauna bakin aiki jiki ba ƙwari. Ya ɗan janye tagar babbar ƙofa don ya gyara jeri, 'yar ƙaramar ta bayyana a ƙarƙashi. Ya ga ta tsaya masa a hanya, sai ya kama ta ya ja ta daga kusurwar dama zuwa ta hagu, abin da yake yi sau ba adadi a rana ba tare da ya yi tunani ba.

Daga falo ya ji ƙarar jan abu a kan siminti, sannan ihun matarsa.

Ya fita a guje. Auta tana kusurwar hagu. Tabarmar da take kai ta naɗe a bayanta, uwar tana durƙushe a kusurwar dama, hannuwanta a buɗe, inda 'yarta take yanzun nan. Ta ce, "Jan ta aka yi. Wallahi ina riƙe da ita aka ja ta."

Maigadi ya koma ɗakin aiki yana dafa bango, ya dubi allon, ya dubi hannunsa na dama. Duk yammacin da ya matse tagar nan suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, da wash ɗin farko da yarinyar ta yi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya haɗu da kunya. Ya kai hannu da sauri zai faɗaɗa ta. Kibiyar tana taɓa gefen tagar, wani guntun bulo ya daki kofin shayinsa ya tarwatse, daga falo kuma wata murya ta fito daga bakin Auta, muryar babbar mace, a shaƙe.

"Kada ka ƙara taɓa mana gida."

Ya janye hannu. Ya dubi wayar wutar da ke jikin bango, wani tunani ya zo masa: in ja yana jan ta, matsi yana matse ta, to in tagar ta rufe fa? In aka ɗauke wuta batir ya ƙare fa? Ya ce da matarsa, "Kira Kawu. Ki ce masa ko a ƙafa ne ya taho."

Rana na gab da faɗuwa Malam ya iso. Tsoho ne siriri, mai ƙarancin magana. Ya dubi yarinyar, ya bi Maigadi ɗakin aiki, ya sa aka yi masa bayanin tagogin dalla-dalla, yana gyaɗa kai. Da aka nuna masa 'yar ƙaramar ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Wannan ɗaki ne?"

"Ɗaki ne, Kawu. Amma ba kowa a ciki."

"Kai ne ba ka ga kowa ba," in ji Malam. "Ɗauko mini yarinyar."

Maigadi ya ɗauko 'yarsa, tana dunƙule kamar ƙullin wanki, ba nauyi, ya ajiye ta a kan darduma kusa da teburin. Malam ya zauna a gabanta ya dafa kanta, ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya. Hasken waje ya yi ta raguwa har ya zama ba wani haske a ɗakin sai na allon. Uwar tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Can sai jikin Auta ya ɗauki rawa, haƙoranta suka haɗu, muryar nan ta fito.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, ga shi ba inda zan matsa."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce, kamar waccan da ke kuka a bakin ƙofa."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tambayi ubanta." Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci Maigadi, idanun ba nata ba. "Muna ɗakin nan tun ba a yi masa rufi ba. Ba mu taɓa kayan kowa ba, ba mu tsorata kowa ba. Ranar da aka kafa mana ido a bango, ɗakin ya koma hannun mai kallo. Iyakar da ya ba mu ita ce iyakarmu. Ya matse, bango ya taho. Ƙofa ta tsuke har ko hannu ba ya fita. Ƙarfina na ɗan tsakanin faɗuwar rana da duhu ne, a nan nake sa baya in tura bango, in samo wa 'ya'yana wurin numfashi. Sai ya dawo da ruwan alwala a fuska ya sake matse mu."

Maigadi ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ban sani ba. Na rantse da Allah ban sani ba."

"Na yi jifa, ka ce yara ne. Na bar ka ka ji kukansu, ka kunna fitila. Sai na ɗauko 'yarka na sa a cikin nawa 'ya'yan. Tana can tare da mu, wannan da kuke gani kwanso ne."

Uwar ta sulale ƙasa tana salati. Malam bai ɗaga hannu daga kan yarinyar ba. Ya ce, "An zalunce ki, ban musa ba. Amma rashin sani ya fi dare duhu, shi bai sani ba, ke kuwa kina sane kika kama wadda ba ruwanta. Ki sake ta, a buɗe muku."

"In sake ta, ya sake matse mu? Duk sanda hannun nan ya taɓa mu, ƙunci muke gani. A bar mini ita, ko a ba ni hannun. Ya shanye, in ga ya shanye, sannan in yarda."

"Ki ɗauka," in ji Maigadi, ya miƙa hannun. "Ki ɗauki duka biyun."

"Rufe mini baki," Malam ya daka masa tsawa, karo na farko da ya ɗaga murya. "Ba a yi musu tayi." Ya juya ga yarinyar. "Ba ki da hannu a nan, ba ki da 'ya. Hannun da ya ƙulla shi zai kwance, a gabana, in ya saɓa ni ne shaida a kansa. In kin ƙi kuma in ci gaba da karatu, ke kin san inda zai kai ki, 'ya'yanki kuma su rasa mai tura musu bango."

Malam ya ja numfashi zai ci gaba da karatu.

"To, da sharaɗi," in ji muryar, ta yi laushi, gajiya ta fito a cikinta. "Ya buɗe ɗakin duka, kada ya rage ko kusurwa. A hankali, don ƙasusuwan da suka daɗe a lanƙwashe ba a miƙe su da gaggawa. Kuma kada ɗan Adam ya kalli fitarmu. An kalle mu ya isa. Gobe a cire idon nan daga bangon."

"An yarda," in ji Malam. "Ke kuma ki dawo da ita lafiya, kada ku sake waiwayar gidan nan."

"Na yi alkawari."

Malam ya juya wa allon baya, ya sa uwar ta yi haka. Maigadi ya hau kujerarsa. Ya kai kibiyar kan kusurwar 'yar tagar. Ya danna, ya runtse ido, ya fara ja.

Maus ɗin da ko yaro ke wasa da shi ya yi nauyi kamar ana jan buhun siminti. Ya ja kaɗan ya tsaya, ya ja kaɗan ya tsaya. A bayansa ya ji gaɓoɓin Auta suna ƙara, ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta ja wani dogon numfashi, irin wanda ya manta rabon da ya ji daga ƙirjinta. Ya san yanzu tagar ta hau kan wurin lodi, ta hau kan babbar ƙofa, ta rufe duk abin da aka ɗauke shi ya tsare. Ko a jikinsa. Hasken da ke ratsa fatar idonsa ya yi ta ƙaruwa. Sai ga wata iska mai ƙanshin tsohuwar ƙura ta bugi fuskarsa, ya ji motsin ƙananan ƙafafu, da tari, da muryar macen tana kiran sunaye da ba irin namu ba. Idonsa ya yi ta son buɗewa, don duk rayuwarsa kallo ne aikinsa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, bai buɗe ba, har maus ɗin ya kai ƙarshen teburi ya yi sako-sako a hannunsa.

"Kun fita duka?" Malam ya tambaya, bai juyo ba.



"Mun fita," in ji muryar, daga nesa. "Wadda ba ta iya tafiya ba, na goya ta."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Malam ya ce a buɗe ido. Allon gaba ɗaya ɗakin nan ne, fili fetal, ba kowa, sai sawaye birjik a cikin ƙura sun nufi ƙofa.

Yarinyar tana kwance a miƙe, hannu da ƙafa a sake. Uwar ta rungume ta tana kuka tana godiya ga Allah, aka ba ta ruwa ta shanye ta nemi ƙari. Maigadi ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta yana shafa ƙafafunta. Farin cikin da ya ji a lokacin ya fi ƙarfin baki.

Auta ta dube shi da idanunta na gaske, ta yi ɗan murmushi. Sannan ta waiga hagu da dama kamar mai neman wani.

"Baba, ina 'yar yarinyar nan?"

"Wace yarinya, uwata?"

"'Yar ƙaramar, wadda ke jikina a can. Ita ce a wajen bango, ita ta fi matsuwa. Tana ta kuka, ni nake rarrashinta. Na ce mata ta yi haƙuri, babana yana ganinmu, aikinsa ke nan, ba abin da ke wuce masa. Na ce yana gani zai buɗe mana. Da duhun nan ya rufe mu jiya sai ta daina kukan. Na riƙe hannunta har ya yi sanyi, ina ta gaya mata kana zuwa. Ta ji sauƙi ko, Baba?"

Malam ya sunkuyar da kai, uwar ta kau da fuska. Auta kuwa tana nan ta zuba wa ubanta ido tana jiran amsa, don a iya saninta bai taɓa yi mata ƙarya ba.